Abin da Gidan Wasa Ya Ci Mini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Mamman, wanda mutanen garin nan suka sani da Bento, zuwa ga ɗana Abba. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ruwa da sharrin mutane, Ya sauke ku birnin Rio lami lafiya, kai da abokan tafiyarka. Amin.

Bayan haka, na so in yi maka maganar nan baki da baki, amma duk sanda na buɗe baki sai in ga fuskarka cike da murna, sai in haɗiye. Ga tarin nan kuma, ba ya barina in kai ƙarshen zance. Shi ya sa na rubuta da ajamin da na koya maka. Na san za ka sha wuya kafin ka haɗa baƙaƙen, to ka sha, tafiyar ruwa doguwa ce. Da gangan na ƙi rubutawa da Fotugis. Na daɗe ina ƙarya da harshen nan a gaban jama'a, ba na jin zai ɗauki gaskiyata yanzu.

Ba zan hana ka tafiya ba. Mai ƙungiyar 'yan wasan da za ka bi ya ce kana da murya, kana da tsayi, kana juya harshe daga Fotugis zuwa Hausa kamar mai juya waina. Gaskiya ya faɗa. Ni ma abin da aka taɓa gaya mini ke nan.

Ka san an kawo ni ƙasar nan bawa ina yaro, bayan tawayen bayi Musulmi da aka murƙushe a unguwar Água de Meninos. Da na yi ƙarfi, ubangidana ya sa ni ɗaukar kujera, irin wadda mutum biyu ke saɓawa a kafaɗa su haura da masu hali daga bakin teku zuwa saman gari. In babu mai hawa, mukan zauna a kusurwar titi, wasu na saƙar hula, ni kuwa ina kwaikwayon mutanen da muka ɗauka: attajiri mai tumbi, matar da ke toshe hanci in ta ga guminmu, limamin coci mai magana ta hanci. Wata rana ina cikin kwaikwayon wani alƙali, da Fotugis ɗinsa tsaf, sai na ga abokaina sun yi tsit. Na waiga, ga wani Bature tsaye a bayana.

Ya ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa.

Ya ce, "Wa ya koya maka magana haka?"

Na ce, "Kafaɗata, ranka ya daɗe. Duk wanda na ɗauka, maganarsa cikin kunnena take gangarowa."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Shi ne Sinyo Amaral, mai ƙungiyar wasa a lokacin. Ya je ya yi magana da ubangidana, aka ba shi hayata.

Na ɗauka a matsayin alƙali zai sa in fito a wasa. Ranar gwaji ta farko ya ba ni wurin wani bawa wawa mai satar giyar maigidansa. Na faɗi maganata daidai yadda take a rubuce. Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Bento, ka cika iyawa. Ba wanda zai bar gidansa ya zo jin baƙin mutum na magana kamar lauya. Karya ta. Yi kamar jiya aka sauke ka daga jirgi."

Na karya ta. Na murguɗe baki, na zare ido, na haɗiye rabin kowace kalma. Mutane suka yi dariya har suna share hawaye. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Mutanen da ba su taɓa duban fuskata ba, sai ga su suna kiran sunana. Kuma da dariyar nan na fanshi kaina, da ita na auri mahaifiyarka. Wannan ne ya sa abin ke da wuyar tofarwa, don da zuma a cikinsa.

Bayan shekaru na roƙi Sinyo Amaral ya ba ni wurin mutum mai hankali ko sau ɗaya. Ya ce ba za a karɓa ba. Na nace, ya yarda. Aka ba ni wurin wani uba da ɗansa ya nutse a teku. Na yi makonni ina shirinsa. Ina sako ƙafa a dandali, tun ban buɗe baki ba, ɗakin ya kece da dariya. Ina kukan ɗana, suna kiran, "Bento! Bento, faɗi ƙasa!" A ƙarshe na faɗi ƙasan, don in samu in fita.

Abba, rigar da ka fara sawa a gabansu, da ita za su binne ka. In an ce ka karya harshenka ranar farko, ka ce za ka yi, amma sai an ba ka wani wurin da za ka yi magana sosai a wasa guda. In sun ƙi, ka san irin gidan da ka shiga. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni na yi askin har aska ta dakushe a hannuna.

Wannan kaina kaɗai na cuta. Abin da ke biye ya fi muni.

Akwai wasan da maigida ke dukana da sanda in faɗi. Sinyo Amaral ya ce in na faɗi in riƙa surutu da yarenmu, kowane iri, tun da ba mai ji. Sai na samu hanya. Ina kwance ina ce musu 'ya'yan jakai, masu warin baki, ɓarayin mutane, su kuwa suna tafi. Na ɗauka na rama. Ran nan wanda ke dukan ya sha ya yi tatil, ya sauke mini sandan da gaske a kan kunne. Ban san sanda salati ya kuɓuce mini ba, da ƙarfi, yadda yake fita daga bakin wanda masifa ta afka wa. Ɗakin ya ruɗe da dariya irin wadda ban taɓa ji ba. Da muka fito Sinyo Amaral ya rungume ni ya ce, "Wannan abin da ka faɗa, kada ka sake barinsa."

Na san abin da na faɗa. Na ci gaba da faɗa.

Ba a daɗe ba yaran titi suka ɗauka, suka lauya shi yadda bakinsu ya iya, suka mai da shi abin tsokanar tsofaffinmu. Kai ba ka san Malam Dauda ba sai a labari. Shi ya koya mini karatu a ɓoye, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena. Yana cikin waɗanda suka tsira daga tawayen, bayansa duk tabon bulala. Wata safiya ina zaune kusa da kaskon ƙosan mahaifiyarka a unguwar Barroquinha, sai ga shi tafe yana dogara sanda, yara na biye da shi suna faɗuwa ƙasa suna birgima suna ihun abin nan. Bai waiga ba. Ya zo ya tsaya a kaina, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Mamman, da kalmar nan 'yan'uwanmu suka cika a bakin ruwan can ranar tawaye. Ban zaci zan yi tsawon rai in ji ta a bakin yara suna birgima ba."

Na ce, "Malam, wallahi ba da nufi na yi ba."

Ya ce, "Ranar farko ba da nufi ba. Sauran ranakun fa?"

Na daina faɗa a dandali, amma magana zarar bunu ce. Har yau, in ka saurara, za ka ji ragowarta a bakin 'yan dako da ba su san daga ina ta fito ba.

Mai harshe biyu kamar mai ɗaki biyu ne, ɗana. Ka bar baƙi su zauna a zaure, su ci, su yi dariya. Kada ka kai su ƙurya. Za su roƙe ka, za su ce ai ba mai ji, za su ce abin na da daɗin sauraro. Addu'a, da sunan iyaye, da abin da mahaifiyarka ke rera maka kana goye, waɗannan ba na dandali ba ne, ko da yunwa za ta kashe ka.

Yanzu zan gaya maka abin da ya sa Hausawan garin nan ba sa shigowa gidanmu. Ka sha tambayata, ina ce maka hassada ce. Ba hassada ba ce.

A ƙasan gari akwai wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto. Yana yin ƙananan hotunan mutanenmu yana sayar wa matuƙan jirgi da baƙi, su kai gida su nuna. Ya ga na iya tsayawa cik ba motsi, na iya sauya fuska, sai ya riƙa kirana. Yau in ɗauki kwando in zama mutumin Angola, gobe a zana mini tsage da gawayi in zama Bayarabe. Ban ɗauke shi komai ba. Kullum yana ce mini abu ɗaya ya rage masa, hoton Male, wato yadda suke kiranmu mu Musulmi, da farar riga da hula da laya. Tun bayan tawayen kuwa, duk wanda aka kama da irin kayan nan ya shiga uku, saboda haka kowa ya ɓoye nasa.

Sai aka haife ka. Ana gobe suna, Malam Dauda ya aiko a kira ni, bayan ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Ya buɗe ƙasan akwatinsa ya fito da farar riga, ya ce, "Ungo, ka sa gobe, ka yi sunan ɗanka kamar ɗan Musulmi." Ka gane? Yafewarsa ke nan. Shi ya raɗa maka sunan mahaifina, wanda ya sa nake kiranka Abba.

Bayan suna na naɗe rigar zan mayar. Hanyata ta bi ta ƙofar Bafaranshen. Na ce a raina, ai ɗan lokaci ne, wa zai sani? Na shiga, na sa, na tsaya. Na mayar wa Malam rigarsa na yi godiya.

Bafaranshen ya kafa hoton a tagar shagonsa, ya rubuta a ƙasa wai shugaban Male ne. Lokacin kuwa ana ta raɗe-raɗin wai 'yan Afirka na shirin sake tashi. 'Yan sanda suka zo suka tafi da ni. Na yi musu Bento, na murguɗe baki, har babbansu ya yi dariya ya ce, "Ai wannan wawan gidan wasa ne." Na fara numfashi. Sai ya daina dariya ya ce, "Rigar fa, ta wa ce?"

Na ce ta gidan wasa ce. Ya ce za a kira Sinyo Amaral a tambaye shi, in ƙarya nake, takardar 'yancina ba za ta hana a saka ni jirgi a kore ni daga ƙasar ba. Na tuna kai, cibiyarka ko warkewa ba ta gama yi ba. Na faɗi sunan Malam Dauda.

Suka binciki ɗakinsa, suka sami allo da takardu. Ya yi watanni a kurkuku, daga nan aka sa shi jirgi zuwa gaɓar Afirka, tsoho, ba ɗa ba jika, zuwa wani gari da ba nasa ba. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ban san ko ya ga ƙasa ba.

Ranar da na dawo daga wurin 'yan sanda, mahaifiyarka tana zaune tana ba ka nono. Labari ya riga ni zuwa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Da wane baki ka faɗa, na Hausa ko na Fotugis?" Ta ci gaba da dafa mini abinci, tana wanke mini kaya, har Allah Ya karɓi ranta. Amma macen da da in na kwaikwayi maƙwabta take dariya har ta riƙe ciki, ban sake jin dariyarta a kan wani abu nawa ba.

Hoton kuwa yana nan yana yawo. Wani matuƙi ya taɓa tare ni ya ce ya gan ni a wani gari mai nisa, cikin littafin hotunan wata baiwar Allah. Za a kira ka ɗaukar hoto a Rio, na sani, da irin tsayin nan naka. Hoto ba shi da baki, wanda ya riƙe shi ke yi masa magana. Ka tambayi abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa, ko da yake za su iya gaya maka wani abu su rubuta wani. Kada kuma ka tsaya gaban na'urar da abin da wani ya ba ka amana. In tsoro ya kama ka wata rana, kuma zai kama ka, ka ciji harshenka har ka ji jini kafin ka faɗi sunan mutum. Da na sani ƙeya ce.

Sauran labarin ka ga wani sashe da idonka, amma ba ka san cikinsa ba. Da muryata ta fara shaƙewa, Sinyo Amaral ya sami wani matashi mai faɗuwa ƙasa fiye da ni, ya sallame ni. Na sayi tsohuwar fitilar majigi a hannun wani matafiyi, wadda ake zura gilashi mai zane ta jefa hoton a bango. Na ce yanzu ni ne mai labari, ba mai gaya mini abin da zan faɗa. Niyyata in zana garinmu in nuna wa ragowar Hausawa, ko Allah Ya sa su sassauta mini.

Na zauna da fenti da gilashi, sai na tarar ban tuna ba. Abin da ya rage mini bai isa ya cika gilashi ɗaya ba. Sai na yi aro. Na ɗauki hasumiyar coci na cire mata gicciye na ce masallaci ne. Na ɗauki itatuwan kwakwar garin nan na jera. Na ari ɗakin ajiyar taba kusa da Água de Meninos ranar wata Lahadi da rana, na toshe tagogi da buhuna. Tsofaffi kaɗan suka zo, ba don ni ba, don sun ji an ce za a ga gida. Na kunna fitila, ina bayani da Hausa. Can sai wata tsohuwa, 'yar Zazzau, ta ce, "Ɗan nan, wannan ba garin kowa ba ne." Na kai hannu zan zare gilashin, sai ta ce, "A'a, bar shi tukuna." Ta zauna tana kallon ƙaryata tana kuka, don ba ta da wata.

Tsofaffin suka yi ta mutuwa. Waɗanda suka maye gurbinsu matuƙa ne da 'yan makaranta, su kuwa zaki suke so. Na zana musu zaki. Suka so sarki mai zama a kan ƙoƙon kawunan mutane, na zana. Na koma bayani da Fotugis, da muryar Bento, ba wanda ya tilasta ni wannan karon. Kai kuwa kana zaune a gaba kana haɗiya. Ka taɓa tambayata ko kakanka ya kashe zaki, na ce maka ya kashe.

Kakanka marini ne, Abba. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwa, ba ya wankuwa. Ban taɓa ganin zaki ba sai wanda na zana. Abin da na tuna na gida shi ne rijiya da igiya ta ci bakinta, da tsamiya a ƙofar gida, da warin baba a marina, da muryar mahaifiyata tana kiran awaki da yamma. Fuskarta ta ɓace mini tuntuni. Ko sunan garin, in na faɗa, ban da tabbas ko namu ne ko na inda aka fara sayar da ni.

Ka roƙe ni fitilar da gilasan, ka ce mai ƙungiyarku ya gani ya yaba. Fitilar tana cikin akwatinka, na naɗe ta da zanen mahaifiyarka. Gilasan ma suna nan duka. Amma jiya, da ka fita sallama da abokanka, na dafa ruwan toka na wanke su tas. Babu zaki, babu sarki, babu garin nan na ƙarya. Na san za ka yi fushi, na kuma san na jefa ka cikin wahala da mai ƙungiyar da ka yi wa alkawarinsu. Ka ce masa tsohon ya ruɗe, ba zai yi mamaki ba.

In za ka zana, zana abin da idonka ya gani: hayaƙin kaskon mahaifiyarka, hawan nan da ke fasa ƙirji, kantar da ke kafaɗun masu ɗaukar kujera. Ba na yi maka alkawarin wani zai zo kallo. Zatona ma ba za su zo ba. Zatona yunwa za ta matsa maka har ka zana zakinka da hannunka, don ta fi ni iya wa'azi. In hakan ta faru, ka dai san abin da kake yi, kada ka gaya wa 'ya'yanka gaskiya ne.

Ka riƙe salla ko a bayan labule ne. Kada ka hau dandali da giya a cikinka, kada ka yarda wanda ya sha ya riƙe sanda a kanka. In Allah Ya ba ka 'ya'ya, ka yi musu Hausa ko suna amsa maka da Fotugis. Na san zuba ruwa ne a rairayi. Mu da muka rage a garin nan ba ma cika sahu ɗaya, kuma ko a sahun ba a matsa mini. In ka ji na rasu kada ka taso, kafin ka iso an gama. Na yi magana da maƙwabcinmu Bayarabe, ya ce zai wanke ni.

Gobe ba zan zo bakin jirgi ba. Ba ƙafa ce ta hana ni ba. In na zo, na san kaina, zan yi maka wasa, in yi dariya, in ɗaga hannu, in kwaikwayi matuƙa har mutane su taru, kai kuma ka tafi kana zaton lafiya ka bar ni. Na gaji, ɗana. Ina so ko sau ɗaya in yi baƙin ciki ba mai kallo.

Ka yafe mini abin da na yi maka da wanda na kasa yi. Ni ban riƙe ka da komai ba, duniya da lahira. Allah Ya kwantar muku da teku, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya rufa maka asiri a inda ba ka da kowa. Allah Ya tsare harshenka da fuskarka daga hannun masu saye. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya jiƙan Malam Dauda a duk inda ƙasa ko ruwa ya rufe shi. Allah Ya sa ka fi ni. Amin.

Ka sauka lafiya.

Mahaifinka,
Mamman